Rasit ɗin Alhaji Gariba

Ranar Talata, bayan la'asar,
ruwan Kumasi na dukan kwanon shago,
Alhaji Gariba mai tayoyi a Suame
ya turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya
kamar mai kore ƙuda daga bakin kofi.

Na ce, Alhaji, wannan ba ta yarwa ba ce.
Sidi dubu goma sha biyu ka zuba
a asusun karatun yaran unguwa.
In na maƙala ta a fam ɗinka na bana
masu haraji za su sassauta maka.

Ya zare tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, Yahuza, kai akawu ne,
a wurinka lada ma yana da layi a littafi.
Ni Allah na ba rance.
So kake in bi gwamnati ta ba ni canji?

Ban tanka ba.
Yaron shago ya jawo bokiti ƙarƙashin yoyo.

Ni na san inda kuɗin ya sauka.
Memuna, 'yar mai wankin mota a Aboabo.
Uwarta ta zaga makarantu huɗu da ƙafa,
ta leƙa aji, ta leƙa har makewayi,
sannan ta nuna ɗaya ta ce, wannan.
Matar da ba a taɓa ce mata zaɓi ba
sai dai kifi ko ƙwai, a gaban mai shinkafa da wake.
Yanzu yarinyar na kama tirotiro da asuba
da farar safa,
ta dawo da sunayen ƙasusuwan jiki
tana ƙirga su a haƙarƙarin ƙaninta
har sai ya yi dariya ya gudu.

Shi ƙanin, Inusa, sunansa bai fito ba.
Yana makarantar bayan kwalbati,
su saba'in da ɗaya, benci ashirin.
Hadari na haɗowa malam zai ce, a tashi.

Na ce, Alhaji, abin da za a rage maka
zai biya wa yaro guda zango biyu.
Karɓi ka mayar.
Kada rijiya ta bayar guga ya hana.

Ya ce, to, wanda za a rage mini,
daga tukunyar wa za a kwaso?
Ba ita ce ta alli da kwanon rufi ba,
ta su bayan kwalbati?
In zare daga aljihun Inusa
in biya wa Inusa, a yi mini godiya?

Na ce, tukunyar nan tun ina firamare
kafin ta iso Aboabo an shanye romonta.
Ya ce, na sani.
Wanda ya riga ni tsoma hannu
bai halatta mini ludayi ba.

Na ce, doka ce ta ba ka.
Ya ce, doka ta ba ni, i.

Nan muka tsaya, ni da biro, shi da carbi,
bokiti ya kusa cika.
Ladanin masallacin makanikai ya gyara murya.
Alhaji ya ninka rasit ɗin gida huɗu,
bai yaga ba, bai miƙo mini ba,
ya cusa shi cikin hula, ya mayar da ita kai.
Ya ce, ka dawo Alhamis.

A Kejetia ruwa ya kai idon sawu.
Na hango wata yarinya tana ratsa shi,
takalmi a ka, safa a baki ta cije,
jaka rungume a ƙirji kamar jariri.
Ko Memuna ce, ban tabbatar ba,
yammacin ya yi duhu, motoci na hura ƙaho.

Fam ɗin yana cikin jakata.
Layi na tara har yanzu babu kome.